Ranar da Na Ƙi Kwance Ɗaki a Gumel

Walda na yi shekara da shekaru a Gagarawa, har idanuna suka fara gajiya. Da na ajiye aikin, babban ɗana da ke Kano ya aiko mini da adaidaita sahu mai caji, irin wanda ba ya shan mai, ya ce in riƙa zagayawa da shi. A lokacin ciwon baya ya riga ya kwantar da matata, ba ta iya zama a mota ko na rabin sa'a. Sai na tattara ragowar ƙarafuna na ƙera mata ɗan ɗaki a kan taya biyu. Na yi masa rufin kwano, na shimfiɗa katifa, na rataya labule, na haɗa shi da bayan keken da babban noti guda. Na ji daɗin kaina a kan abin nan fiye da kima.

Wata safiya aka bugo waya daga Ɗanzomo. Yayar matata, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, jikinta ya yi tsanani, kuma sai kiran sunanta take yi. Su biyu kaɗai suka rage cikin 'yan'uwansu, ga shi shekara uku ba su ga juna ba.

"Malam," in ji ta, "ka kai ni in same ta da rai. Shi ke nan abin da nake roƙo."

A gaban keken akwai ɗan gilashi mai nuna caji, layi biyar idan batir ya cika. Da layi huɗu muka tashi. Kafin mu shiga Gumel saura biyu. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini cewa jan ɗaki yana cin wuta ninki biyu, amma a kaina ina ta lissafin tafiyar da na saba yi ni kaɗai.

Wurin caji na Gumel wani fili ne mai katanga, an jera faifan sola a rufinsa. Ƙofar ƙarama ce, wayar cajin kuma gajera. Direbobi uku na zaune a benci suna jiran nasu ya cika.

"Baba, sannu da hanya," in ji ɗaya. "Gidan ka ɗauko gaba ɗaya?"

"Kunkuru ke nan," in ji na kusa da shi. "Inda ya je, da ɗakinsa."

Suka kwashe da dariya. Mai wurin, dattijo ne mai sanyin magana, ya zagaya ya duba, ya ce, "Malam, ƙofar nan ba za ta ɗauke ku tare ba. Kwance notin, mu tura ɗakin inuwar darbejiyar can mu tokare shi da bulo. Sa'a ɗaya ta ishe ka."

Abu mai taya biyu, da an zare notin sai ya kife, sai dai maza su tallafe gabansa. Wato waɗannan da suka gama yi mini dariya su ne za su riƙe ɗakin, iyalina na kwance a ciki. Ban ma gaya musu akwai mutum a ciki ba. Na ce wa kaina kunya ce da kare mutuncin gida. Yanzu da na tsufa na san girman kai ne.

Na leƙa ta labule. Ta ji komai.

"Malam, ka bari su riƙe. Na haifi irinsu."

"Ni na ƙera abin nan, ni na san ƙarfinsa."

"Ƙarfin ɗakin ka sani. Wutar fa?"

Na saki labulen. Na ce wa mai wurin na gode, layi biyu zai kai ni. Ya ce, "To, Allah ya tsare, amma akwai rairayi a gaba." Na ja muka tafi.

Gidan yayar tata yana wani ƙauye a gefen Ɗanzomo, sai an sauka daga kwalta. Muna shiga rairayi layi ɗaya ya ɓace. Keken ya yi ta nishi, ya rage gudu, ya tsaya cak tsakanin gonaki da aka riga aka girbe. Hantsi ya wuce. Ba gida, ba mutum, sai karan gero da wata aduwa can nesa. Na tura, na tura, taya sai ƙara nutsewa take. Na buga waya, kowa yana wajen mara lafiya, ba mai abin da zai ja mu.

Na zauna a gindin tayar. Tana ciki, ina waje, kwano na tsakaninmu. Ina jin ƙarar carbinta. Sau ɗaya ta tambaye ni ko azahar ta yi, na ce ta yi.

Wajen la'asar wani Bafulatani ya biyo da amalanken shanu. Ya duba, ya ce shanunsa ba za su ja duka biyu ba, sai dai ɗakin. Na kwance notin da hannuna. Shi ya tallafe gaban, baƙon da ban taɓa gani ba, har yana cewa, "Sannu Inna, kada ki ji tsoro." Ko minti biyar abin bai ɗauka ba.

A bakin ƙauyen muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta. Ashe yayar tata ta cika tun bayan azahar.

Matata ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma gaya wa kowa yadda aka yi ba. Dangi sun ɗauka lalacewar inji ce, har suna yi mini sannu da wahala, ni kuma ina karɓa. Damina biyu ta ƙara a duniya. Ba ta sake cewa in kai ta ko'ina ba. Sai da na ga jikinta ya yi nisa sannan bakina ya iya buɗewa, na ce ta yafe mini.

"Na yafe tun a rairayin nan, Malam," in ji ta. "Abin da ya tsaya mini, an ce har ƙarshe tana tambaya ko na iso."

Yanzu ni kaɗai ne a gidan. 'Ya'yan yayar tata sukan zo gaishe ni, kuma a zuwansu na bara na zaunar da su na gaya musu gaskiya. Babbar ta ce lokaci ne. Bana ba su zo ba tukuna.