Koren Fasfo a Gidan Yaya

Ina riƙe da farantin kankana na ji Yaya ya ce "Kanada". Muna falon gidansa ne a Mitchellville bayan la'asar, ya haska taswira a talabijin yana nuna mana hanya da cokali. Za mu tuƙa mota har Maine, a shigar da ita cikin jirgin ruwa da mu da kayanmu, mu tsallake iyaka mu yi 'yan kwanaki a Kanada. Ni duk zatona a Maine za a tsaya. Ko da ya ce a kawo masa fasfo a makon da ya wuce, miƙa nawa na yi da hannu biyu ban tambayi dalili ba. Wan mijina ne, shi ya biya masa karatu, a gidansa aka sauke ni ranar da na iso. Ina ni ina tambayarsa dalili?

"An gama komai," in ji shi. "Na sayi tikiti, na shigar da lambar fasfon kowa."

Takarduna na zama ba su fito ba a lokacin, jira muke yi. Kuma ban manta wata mata da na haɗu da ita a masallacin Manassas ba. Ƙanwarta ta tafi gida jana'izar mahaifiyarsu tana cikin irin wannan jiran, har yau ba ta dawo ba, mijin da 'ya'yan suna nan. Matar ta kama hannuna ta ce, "Kada ki kuskura ki taka wajen ƙasar nan, ko da wa ya rasu."

Na dubi mijina, shi kuwa taswira yake kallo yana murmushi. A mota na gaya masa, sai ya ce, "Haba, Yaya da ya fi shekara ashirin a ƙasar nan? Da akwai matsala ai da ya sani. So kike in ce masa bai iya ba?" Ya sauke ni ya wuce aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lambar nan. Gani nake tunda an shigar da ita, hukuma ta riga ta gani, an rubuta cewa na fita, an rufe maganata. Abinci ya daina shiga. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta labule.

Cikin wannan hali, wadda na fi jin haushi ita ce 'yar Yaya ta fari, wadda ba ta yi mini komai ba. Kusan sa'ata ce, a nan aka haife ta. Shuɗin fasfonta a aljihun kicin yake zaune tare da cokulan roba, har da tabon shayi a bangonsa. Nawa koren kuwa, tun da Yaya ya dawo mini da shi, a naɗe yake cikin leda, cikin ɗankwali, a ƙasan akwati. Ita damuwarta wace rigar sanyi za ta sa a saman jirgi, da ko za a ga kifin nan mai girman gida. Tana miƙe ƙafa a kujera ta katse ubanta yana tsakiyar magana, shi kuma ya yi dariya. Ni ko ruwa zan ba shi sai na durƙusa. Allah ya sani ba mugunta nake mata ba, amma in ta yi dariya sai in ji kamar daga rabona aka ɗiba aka ba ta.

Ranar Asabar ta zo ta ɗauke ni mu sayo takalman tafiya. Tana tuƙi da hannu ɗaya tana shan kofi.

"Anti, kin rame fa. Ko Kawu ba ya ba ki abinci ne? Ko dai jirgin kike tsoro?" Hausarta a karkace take, kamar mai tauna ƙanƙara.

Na buɗe baki in ce lafiya lau, kuka ya riga ni. Ta shiga da motar gidan mai ta tsaya, na gaya mata duka.

"Shi ne kika yi shiru? Anti! Har yaushe?"

Kafin in hana ta, ta kira ubanta. "Dadi, ka yi kuskure babba," haka ta fara, ko sallama babu. Na toshe bakina da mayafi. Ta cikin wayar na ji ya ce, "Innalillahi. Wallahi na manta ana wannan jiran. Tana kusa da ke?" Na girgiza mata kai da ƙarfi. Kalmomin da suka hana ni barci, ita ta furta su tana gyara madubi, kuma babu abin da ya faɗo mata. Ko a lokacin, da hawaye a fuskata, sai da na ji wannan ya soke ni.

Daga nan Annandale ta nufa da ni, gidan uwar ƙawarta, wata lauya mutuniyar Jos. Mun same ta tana tsinke alayyafo. Ta saurare ni har na gama, ta tambaye ni ko na taɓa tsallaka iyaka tun da aka shigar da takarduna. Na ce ko kusa.

"To ƙanwata, sayen tikiti ba fita ba ne. Ba wanda ya rufe miki komai. Ki zauna inda kike har izinin fita ya zo, su kuma su je su sha iskarsu."

"Ko da an sa lambata?"

"Ko da an sa. Ba abin da ya same ki. Zauna, bari in zubo miki ruwa."