Ragunan Aro da Ɓerayen Masar Ɗina

Shekarun baya, lokacin ina tuzuru a garinmu can wajen Faskari, ba ni da wata dabba da zan nuna in ce tawa ce sai ɓerayen Masar. 'Yan shanun gidanmu ɓarayin daji sun kore su tun da daɗewa, tumakin kuma an sayar an sayi hatsi. Wani maƙwabcin gonarmu, Bamaguje daga wajen Ruwan Godiya, shi ya ba ni guda biyu, mace da namiji, ya ce in gwada hannuna. Don kunyarsa na karɓa, amma kafin damina ta fita sun shiga raina.

Kiwo ne na mai ƙaramin ƙarfi. Tsohon akurkin kajin mahaifiyata na yaɓe da laka, na toshe bakinsa da guntun raga. Da damina ciyawar bakin gona da ganyen masara, da rani harawa da 'yar dusa da ganyen kabejin da masu lambu ke zubarwa a fadama. Ban taɓa zuwa kasuwa dominsu ba. Lauje ne da wani tsohon buhun taki, shi ke nan jarina. Buhun nan kuwa sun haddace ƙararsa. Da ya yi motsi sai su ɗauki kuka gaba ɗaya, wik-wik-wik, har sai ciyawa ta shiga baki. Suka yi ta haihuwa, akurki ya cika.

Samarin unguwa suka laƙaba mini Sarkin Ɓeraye. A gabansu dariya nake yi, amma abin yana ci mini rai.

Ana nan na ga wata yarinya a Daudawa, muka daidaita, manya suka shiga magana. Duk zuwan da nake yi zance, ban taɓa bari kalmar ɓera ta fito daga bakina ba. Sai aka aiko cewa kawunta, wanda shi ne waliyyinta, zai zo da kansa ya gaida mahaifiyata. Kowa ya san ma'anar irin wannan gaisuwa. Bincike ne. Abin da dattijon nan ya koma ya faɗa, shi ne auren ko fasa shi.

Mutumin da aka ce garkensa ya fi ƙarfin turke guda, ya zo ya tarar mai neman 'yarsu yana kiwon abin da ake ajiye kyanwa dominsa? Na garzaya wajen abokina na roƙe shi aron raguna biyu na yini ɗaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kwanto mini su. Na kafa turke a tsakar gida, na watsa 'yar harawa da kashin tumaki don wurin ya yi kama da an daɗe ana kiwo. Ɓerayen kuma na kwashe su a babban kwali, na tura ƙarƙashin gadon mahaifiyata.

Tana zaune tana tsince wake, tana kallona. Ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Kayan aro ba ya rufe katara. Ni hwa in an tambaye ni, ba ni yi maka ƙarya."

Na ce, "Inna, ba wanda zai tambaye ki. Ki dai yi shiru."

Kawu ya iso da hantsi, dogon dattijo mai farin gemu, ba ya da yawan magana. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, kusa da ƙofar ɗakin Inna. Suka gaisa, ya sha fura, ya tambayi gona da lafiyar gari. Na lura idonsa yana ta yawo a tsakar gidan kamar mai neman wani abu. Ya tsaya kan ragunan.

"Waɗanga naka ne?"

"Eh, Baba, ana dai taɓawa."

Da na tsaya nan, da wataƙila na tsira. Amma rawar kai ta ce in nuna masa yadda nake kula da dabbobina. Na tashi na ɗauko buhun ciyawa, na karkaɗe shi da ƙarfi a gaban ragunan.

Jama'a, ɗakin Inna ya kaure. Wik-wik-wik! Tun safe ban ba su komai ba, ga shi sun ji buhunsu. Ragunan kuwa da ba su san ni ba suka ja da baya, babban ya sunkuyar da kai ya auna gwiwata, sai ga ni zaune a ƙasa da ciyawa a ka. Kafin in miƙe, kwalin ya kife. Suka fito daga ƙarƙashin labule a jere, fari da ja da mai roɗi-roɗi, suka bi ta kan tabarmar Kawu, suka tsallake takalmansa, suka kewaye ni suna cin ciyawar da ke jikina. Wata tsohuwar uwarsu ma cinyata ta hau, inda ta saba zama.

Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na gode mata.

Kawu bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini zafi. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙarami guda, ya shafa bayansa, ya duba cikinsa da haƙoransa kamar mai tayin tunkiya a kasuwa.

"Mi kake ba su?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ajiye shi a hankali.

"Waɗanga sun san mai su. Ragunan can kuwa ka maida ma mai su tun rana ba ta yi ba, kar su sha wahala."

Ya yi sallama da Inna ya tafi. Ko rakiyar kirki ban iya yi masa ba.

Na sallama auren. Na daina zuwa Daudawa, na daina zama majalisa. Haushina duka na ɗora wa bayin Allahn nan da ba su san hawa ba balle sauka, na rarraba su ga duk mai so, har akurki ya koma wayam. Sai kawai aka aiko wai a turo magabata a sa rana. Na yi murna, amma ban gane dalili ba, kuma ban da fuskar tambaya.

Bayan biki, da 'yan rakiya suka watse, amarya ta fara fitowa tsakar gida. Na ga ta nufi akurki ta durƙusa tana leƙe.

"Ina suke?"

"Su wa?"

"Ɓerayen Masar ɗinka mana. Wata 'yar garin nan da ke aure a unguwarmu ta ba ni labarinsu tun kafin ka fara zuwa zance. Ta ce ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ka tahi ka yanko masu ciyawa. Shi na faɗa ma Kawu. Na ce wanda bai bar ɓera da yunwa ba, ba ya barina da yunwa. Ya ce sai ya gani da idonshi."

Da ƙyar na ce, "Da ya dawo, me ya ce?"

"Cewa ya yi, na gan su, sun ƙoshi. Ina ka kai su?"

Na tsaya a gaban akurkin nan, na faɗa mata na rarraba su duka.

Yau muna da tumaki na kanmu, kuma akurkin ya sake cika, don ita ta matsa sai da na nemo wasu. Zancen ragunan aro da bakina na gaya mata, bayan haihuwarmu ta biyu, ta yi dariya har da hawaye. Ni har yanzu ba ya ba ni dariya sosai. Tunkuyin rago ya warke tuni, amma in na tuna abin da na tura ƙarƙashin gado shi ne abin da aka zo gani, sai in ji kunya ta rufe ni sabuwa fil. Kawu ya rayu shekaru bayan nan, na sha durƙusawa gabansa ina jiran ranar da zai tayar da maganar ko da wasa. Har Allah Ya karɓi abinsa bai taɓa gaya wa kowa ya ga rago a gidanmu ba.