Duba-Ƙasa da Yatsa Tara

A duk cikin ma'aikatan gandun dajin nan babu wanda zai iya rantsewa ya taɓa haɗa ido da Duba-Ƙasa. Shekara ashirin da takwas ke nan da ya kama aikin gadin namun daji, kuma tun ranar da aka koya masa bin sawu bai ƙara ɗaga kai ba. In ka gaishe shi, takalminka yake amsa wa. Ya san wanda ya biyo ta bakin rafi, ya san wanda ya ce daga sintiri yake alhali daga gado ya taso. A hoton ma'aikata da ke rataye a ofis kowa ya washe baki yana kallon mai hoto, shi kuwa tsakiyar hularsa kaɗai ta fito, don a daidai lokacin ya hango sawun bushiya a gaban benci.

Matarsa ta daɗe da haƙura. Sai ya dawo hutun ƙarshen wata, ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ya ce, "Yayarki ta zo, kuma da fushi ta tafi."

"Wa ya gaya maka, Baban yara?"

"Da za ta shigo a hankali ta taka. Da za ta fita, diddige take kafawa."

Haka 'ya'yansu huɗu suka girma ba su taɓa cin ribar ƙarya ba.

Ana ba ma'aikata takalmin aiki mai nauyi duk bayan shekara biyu, shi kuwa kyautar da nasa yake yi. Ya ce wannan takalmi ai shela ce, tun daga nesa barewa za ta ji ka. Nasa na taya ne, da hannunsa ya yanka daga tsohuwar tayar motar sintiri, in ya huje ya yi masa faci ya ci gaba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. Shekara goma sha tara da suka wuce ya tarar da wata barewa ta mutu a tarkon waya, a gefenta kuma ga sawun mutum ba takalmi, ƙafar dama babu ƙaramin yatsa. Daga ranar ya raɗa masa suna Yatsa Tara. Ya bi sawun nan a taɓo, ya bi shi a yashi, ya kwance masa tarkon da ba zai ƙirgu ba, ya sha tarar da tokar wutarsa da sauran ɗumi, amma ko ƙeyarsa bai taɓa gani ba. Ya kama masu farautar sata da yawa, har takardar yabo aka ba shi, sai dai duk lokacin da aka yaba masa, yatsan nan da babu shi yake tunawa. Ga shi saura kwana goma sha biyu ya ajiye aiki. Ya riga ya shirya jawabin da zai yi wa mutumin ranar da suka haɗu, ya maimaita shi a daji har birai sun kusa haddacewa, kuma ya fara jin tsoron da jawabinsa zai koma gida.

Ana nan sai sabon shugaban gandu ya kira shi ofis. Matashi ne mai karatu, mai son zana taswira a allo da alli kala uku. Ya ce an tsegunta masa cewa akwai wani mai facin taya a bayan tashar mota da ke haɗa masu saye da wani mafarauci, kuma yanzu haka suna da 'ya'yan barewa uku a hannu, an kashe iyayen. Ana bukatar wanda zai je a matsayin attajiri mai son ajiye barewa a gidansa.

"Sauran ma'aikata duk an san su a gari, Baba," in ji shugaba. "Kai kuwa ko ni da nake biyan ka ban san fuskarka ba. Sharaɗi ɗaya ne. Mai kuɗi ba ya kallon ƙasa."

"Ranka ya daɗe, to me yake kallo?"

"Sama. Ko agogo."

Aka aro kwat da wando a wurin surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ma'aikacin banki, da takalmi baƙi mai tsini, da baƙin tabarau. Aka cika masa jaka da tsofaffin jaridu don ta yi kama da ta masu abin hannu, aka ba shi laima. In ya ga 'ya'yan barewar ya kuma ga mai su, sai ya fito ya buɗe laima, abokan aikinsa da ke zaune a shagon aski na tsallaken titi su afka.

Kwana uku matarsa ta yi tana horar da shi a tsakar gida. Ta ɗora masa faranti a ka, yana zagaye da sabon takalmi kamar wanda ke taka ƙaya, in ya sunkuya faranti ya faɗi ta ce a sake. A nan ya gano cewa an sauya kwanon rufin ɗakin girki, kuma bishiyar da ya dasa ta wuce katanga. Rana ta biyu ya tsaya cak a gabanta yana kallonta, har ta tsargu.

"Yaushe kika yi furfura?"

"Shekara goma ke nan, Baban yara. Sannu da zuwa."

Kunya ta kama shi sosai, ya so ya ce wani abu mai daɗi, sai ya ce ai ta yi mata kyau, irin ta gadon bayan gwanki ce. Ta ɗauki farantin ta mayar masa a ka da ɗan ƙarfi.

Ran aiki da hantsi aka sauke shi nesa da tasha don kada a gan shi da motar gandu. Kafin ya kai rabin hanya takalmin suruki ya sale masa diddige biyu. Ya dafa bango, ya yi shawara da zuciyarsa. Sabo turken wawa, in ji masu magana: ashe tun a gida ya cusa takalmin tayarsa a ƙarƙashin jaridu, wai don ko ta kwana. Ya ce a ransa, wandon dogo ne zai rufe, kuma su mutanen birni ai ba sa kallon ƙasa, shugaba da bakinsa ya faɗa. Ya sauya, ya ji duniya ta dawo daidai.

Shagon mai faci rumfa ce ta kwano, tayoyi jibge har rufi, ga injin iska yana tari, ga bahon baƙin ruwa da ake tsoma tub a nemi huji. Mai facin ƙato ne mai zaƙin baki. Yana ganin tabarau da jaka ya goge hannu a wando ya soma "ranka ya daɗe" ba ƙaƙƙautawa. Duba-Ƙasa ya kalli sama, ya kalli agogo, ya ce shi ba shi da lokaci. Shi kansa ya ji maganar ta fita da kyau.

Mai faci ya buɗe wata ƙofar langa-langa a bayan tayoyin, ya ce ya tsallaka fili ya shiga ɗakin can ya jira, mai kayan na zuwa. Duba-Ƙasa ya ratsa filin nan hancinsa a sama, ƙirji a gaba, yana yaba wa kansa. Da a ce jiya ne, da tun daga bakin ƙofa ya ga cewa filin yashi ne mai laushi, an share shi tas, an yayyafa masa ruwa, babu sawun ko kaza. To amma yau ce rana ɗaya tak a shekara ashirin da takwas da bai kalli ƙasa ba.

A ɗakin akwai benci, da tsohon firji da ba ya aiki, da kwandon waya a lungu. 'Ya'yan barewa uku na kwance a ciki, idanu a waje, an ajiye musu madara a gwangwani ƙudaje na bi. Ransa ya ɓaci. Ya danne, ya kalli silin.

Ta taga ya hango wani ɗan tsoho ya fito da tsintsiya, siriri, da singileti mai huji. Mai shara ne, ya ce a ransa. Tsohon ya tsuguna a tsakiyar fili, ya daɗe yana kallon yashi. Ya miƙe ya nufi ƙofar baya, ya kama ta, ya tsaya. Sai ya saki, ya juyo, ya shigo ɗakin ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya jingina tsintsiyarsa.

"Ka sake faci a diddigen hagu," in ji tsohon. "Wancan na da ya fi kyau."

Duba-Ƙasa ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Kansa ya sunkuya da kansa, ba da izininsa ba. Ƙafafu biyu a kan siminti, ba takalmi, duk faso. Ya ƙirga yatsun, ya sake ƙirgawa: tara.

Ya cire tabarau. Suka dubi juna, su biyun duk ba su saba ba.

"Na zaci dogo ne kai," in ji Yatsa Tara.

"Ni ma na zaci ƙato ne. Da wannan jikin kake ɗaukar gwanki?"

"Da can. Yanzu gwiwa ta ƙi." Ya nuna fili da haɓa. "Duk baƙon da zai zo sai na share na bar shi ya taka, in karanta, sannan in fito. 'Yan sanda biyu sun zo da shigar 'yan kasuwa, tun daga taku na sallame su. Yau na duba na ga sawun takalmin taya. Wallahi sai da gabana ya faɗi, kamar na ga ɗan'uwa a bakin kasuwa."

"To me ya hana ka gudu? Na ga ka kama ƙofa."

"Malam, shekara goma sha tara kana bina. Ko matata ba ta bi ni haka ba. Na ce in tafi ban ga fuskarka ba? Kuma in na gudu ina za ni? Gobe da safe kana bayana."

Nan ne wurin jawabi. Duba-Ƙasa ya buɗe baki, ya nemi farkonsa ya rasa, ya nemi tsakiyarsa babu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Wane marar imani ne ya ba su madara a gwangwani? Jariran barewa a kwalba suke sha, da ɗumi, a tsaye! Ka kashe musu uwa, su ma yunwa za ka sa ta kashe su?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni kamawa na iya," ya ce a hankali. "Rainon ban taɓa koya ba."

"Ai na sani. Ni nake binne abin da ka bari."

Can Duba-Ƙasa ya tuna da laima. Ya fita fili ya danna, ta ƙi buɗewa. Ya girgiza ta, ya buga ta da gwiwa, ta ƙi. Yatsa Tara ya leƙo ya ce, "Kawo nan, maɓallin ne ya cije," ya sa farce ya taɓa wani ɗan ƙarfe, irin hannun da ya saba da tarko, laima ta buɗe fau. Sai a sannan suka lura cewa daga cikin fili ba a hango shagon aski. Dole Duba-Ƙasa ya ratsa rumfar faci da laima a buɗe, ya tsaya a bakin titi yana ɗaga ta sama, rana tsaka, ba hadari ba alamarsa.

Abokan aiki suka kwaso a guje, ɗaya da rabin aski da zanen wanzami a wuya. Mai faci ya haura katanga, amma da yake ya taka baƙin mai kafin ya haura, ko shugaba da allinsa kala uku ya iya bin wannan sawun. A bayan wani shagon walda aka tsamo shi. Aka naɗe 'ya'yan barewa a cikin kwat ɗin suruki aka kai su mota, kwat ɗin da har yau surukin bai tambaya ba, shi ma ba a ba shi labari ba.

Da aka zo sa wa Yatsa Tara ankwa, Duba-Ƙasa ya ce a bari, shi zai kai shi mota da kansa. Shugaba ya buɗe baki zai kawo doka, ya dubi fuskar Baba, wadda yau ya fara gani, ya fasa.

Motar na can ƙarshen layi, hanyar kuwa ƙasa ce mai laushi. Duba-Ƙasa bai ji daɗin da ya yi shekaru yana zaton zai ji ba. Haushin mutumin na nan, barewar farko na nan a idonsa da waya a wuya, amma kuma ga wani abu mai kama da kewa, don ya san daga yau ba shi da wanda zai nema in gari ya waye.

"Shiga gaba," ya ce.

Tsohon ya shiga gaba yana ɗingishi. Duba-Ƙasa ya bi shi, kai a sunkuye. Duk tsawon shekarun nan sawun da ya kwana yake tararwa, ko wanda iska ta fara cinyewa. Yau ga diddigen yana sauka, ga yatsu huɗu suna nutsewa, ga ƙafar tana ɗagawa ta bar shi sabo fil a gabansa.

"Kai, Yatsa Tara."

"Na'am?"

"Rage sauri. Ba a jiran mu."