Tanti Zuwaira da Ƙafar Kailu Tela

Kullum bayan sallar asuba Tanti Zuwaira kan fito daga unguwar 220 Logements, ta hau mota ta tsallaka gada zuwa Treichville. A asibitin zuciya, aikinta shara ne da sauya zanen gado da tura keken marasa lafiya. Wannan watan ta ajiye aiki. Ba a taɓa rubuta sunanta a matsayin tafinta ba, amma duk Bahaushen da ya tsaya gaban dokta yana gyaɗa kai alhali bai ji Faransanci ba, ita ake kira.

Haka ta haɗu da kawuna Kailu, tela a unguwar Belleville, wanda ƙirji ke riƙe shi in ya yi 'yar tafiya. Dokta ya yi dogon bayani, ita kuma ta taƙaita masa.

"Baban Kande, hanyar da ke kai wa zuciyarka jini ce ta toshe. Za su ɗauki jijiya a ƙafarka su yi mata sabuwar hanya, ta kewaye wurin. Kamar direban gbaka, motar haya, in hanyar Adjamé ta cushe."

Kawu ya dubi ƙafarsa. Da ita yake taka keken ɗinki shekara talatin. Ya ce ba za a taɓa ta ba.

Da wata ce, da ta bar shi haka, tunda ba ɗan'uwanta ba ne. Ita kuwa ran Lahadi sai ga ta a shago tare da Sharhabilu, wani ɗan kasuwa da aka yi wa irin aikin. Ta sa shi ya zauna a keken kawu ya yi ta takawa, don a gani da ido. Sannan ya naɗe wandonsa. Tabo ne tun daga idon sawu har gwiwa. Kawu ya sa tabarau, ya sunkuya ya bi ɗinkin da yatsa.

Ya ce wa Sharhabilu, "Mon frère, ɗan'uwana, wa ya yi maka wannan? Ko buhun shinkafa ba na ɗinkewa haka. Shi zan ba zuciyata?"

"Na waje ka gani," in ji Tanti. "Na ciki shi ya kawo shi nan da ƙafarsa."

Muka yi dariya, mu duka, har da ni. Maganarta ta bi iska, ta kawu muka ɗauka muka yi ta maimaitawa a unguwar Biafra. Da ta dawo karo na uku, aka ce mata a bakin ƙofa ta daina kawo wa mutane tsoro. Ta ce to, Allah ya ba shi lafiya, ta juya.

Kawu bai kai Babbar Sallah ba. A kan keken ya faɗi. Rai na Allah ne, mun sani, amma mun san kuma abin da muka ƙi ji.

Tanti, ke ce kika zo gaisuwa kika zauna cikin matan da suka kore ki, ba ki ce "na faɗa muku" ba. Ke ce bakin marasa baki. Sharhabilu ya ce mutum huɗu ya sani da suka yarda aka yi musu aiki saboda ke, duk suna nan.

Mun gode, ko da mun makara. Ki yafe mana. Ku da kuka yi lakwal, wato boko, kuna aiki a irin wuraren nan, in kun ga namu ya tsaya yana gyaɗa kai, ku ajiye abin da ke hannunku ku fassara masa. In ya ƙi ji, ku koma, kamar yadda ta koma.