Tsohuwar Gindin Rumbu da Kwanan Watan Bara

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune gida a Rano, wana Yaya Sani yana da shagon ɗaukar bidiyon biki da suna. Da shari'a ta zo sai magidanta suka daina yarda namiji ya shiga cikin mata da kyamara, shi ne ya koya mini. Ni kuwa abin nema ya samu, ga yawon biki, ga waina da kaza, ga 'yan mata suna ta lallaɓa ni in hasko su.

Doka ɗaya ya kafa mini, kada in taɓa maɓallin kwanan wata, don mutanenmu in ba su ga rana da lokaci a gefen talabijin ba, cewa suke tsohon kaset ka haɗa musu. Ya ce ranar da na ɓata masa aiki, ranar zan koma wanke-wanke.

To sai aka kira mu suna a Tarai, can ƙasar Kibiya. Uban jaririyar yana aiki a Jidda, shi za a aika wa kaset ɗin, kuma ya jaddada a sa kwanan wata. Yaya ya saita da hannunsa ya tsaya wajen maza, ni na shige ciki. Da hantsi ne, gida ya cika, ana kiɗan ƙwarya ana guɗa, sai wata tsohuwa 'yar firit mai wushirya, tana zaune kan tabarma a gindin rumbu, ta yafito ni, wai ke mai idon ƙarfe, su kaɗai ne mutane? Na ce tuba nake Iya. Ta miƙe ta dinga takawa tana tsokanata, wai na ƙi maza na auri akwati, ni kuwa dariya har kyamara na rawa a hannuna. Da zan wuce ta ce, "Allah ya yi miki albarka 'yar nan. Sai kuma na gaba."

Washegari muka kunna a shago, komai lafiya lau, sai da aka zo gindin rumbu. Kwanan watan ya koma bara, lokacin ya koma bayan la'asar, kuma tabarma ce kawai a shimfiɗe, ba kowa, sai muryata ina ta ƙyaƙyata dariya ni kaɗai. Ana barin wajen ya dawo daidai. Na rantse ban taɓa komai ba har na gaji, Yaya ya ce wasa na yi da maɓalli, ya kulle kyamararsa, ya ce in je da ƙafata in ba mai jego haƙuri.

Na je da kaset ɗin, aka aro talabijin da bidiyo a maƙwabta. Mai jegon ta yi makaranta, tana karanta kwanan watan sai ta ƙara rungume 'yarta. Wata goggon mijin ta ce in kwatanta tsohuwar, ina ambatar wushirya da zancen akwati sai ta bushe da dariya, hawaye na zuba.

"Inna ce," in ji ta. "Ai ta rantse sai ta taka a sunan abin da ɗan autanta zai haifa."

Ashe mahaifiyar mijin ce, a wannan ranar ta bara da ta fito a kaset ta rasu, bayan la'asar, kuma sunanta aka sa wa jaririyar. Su murna suke, ana ta yi mata addu'a, suka ce ko kaɗan kada a yanke, haka za a aika Jidda. Ni ko ruwan da aka ba ni kasa sha na yi.

Da na faɗa wa Yaya, sai ya ɗauko kyamara ya ajiye a gabana. Na ci gaba da aiki, amma yanzu ido ɗaya yana kan mutane, ɗaya kan gefen nan na kwanan wata. Ku ma masu ɗauka a cikin mata, ku shiga da bismillah, in tsohuwa ta kira ku ku gaishe ta da ladabi, amma ku tambayi ta kusa da ku ko tana ganinta.

Makon jiya aka aiko daga Tarai, matar ta sake haihuwa, kuma sun ce ni suke so.