Baƙar Ƙasar da Malam Gwadabe Ya Kai Gona

Duk wanda ya zauna a Limawa ta Dutse kafin a yi jihar Jigawa ya san Malam Gwadabe mai jakuna. Katanga ce ta raba gidanmu da nasa, don haka abin da zan faɗa ba labarin kanti ba ne. Sana'arsa ɗaukar taki. Da rani ya yi, sai ya bi jujin unguwa da garken Fulani da mangaloli, ya kai wa manoma gona, ya zuba tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Shekara talatin yana wannan. Mutum ne da zai damƙi ƙasa ya murza, ya ce maka ta nuna ko da saura, kuma ba ya son gardama a kai. Gonarsa guda ce tak, ta gado, ita ke ci da shi da matarsa Hassana da 'ya'ya.

Da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikata suka cika gari, babu wurin kwana. Sai aka tuna da wani fili a gefen gari, inda wani kamfanin titi ya yi sansani ya watse. Shekaru suna zubar da baƙin mai da ruwan batir da ragowar kwalta a wurin, har ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Aka ce a kankare ta kafin a yi gidaje. Tifa ba ta isa ba, aka nemi masu jakuna.

Ɗanladi, shugaban leburori, ya tara su ya ce, "Ku kai ta ramin bayan dutse, can za a binne. Injiniya ya ce ƙasar ba ta da kyau."

Malam Gwadabe ya damƙa ya murza. Ya ce, "Ɗanladi, injiniyan nan ya taɓa riƙe fartanya? Ƙasa baƙa haka a binne ta? Wannan ai almubazzaranci ne."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Da Ɗanladi ya buɗe baki ya ce guba ce, da magana ta ƙare, amma shi ma iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Malam Gwadabe ya riƙa kai mangala ɗaya rami, biyu gonarsa, yana jin ya tsinci dami a kala. Hassana ta leƙa gonar ta dawo ta ce, "Malam, takin nan warin gareji yake. Kuma kajin maƙwabta sun ƙi tona shi." Ya ce mata tun kafin a haife ta yake wannan aiki.

Ruwa ya sauka, Malam Gwadabe ya baje tsibin, ya shuka gero. Da aka sake ruwa, sai ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a cikin kunya. Geron ya tsiro, ya yi ja, ya ƙone. Ya sake shuka, ya ƙone. Ya gwada wake, ko leƙowa bai yi ba. Gonakin da ke kewaye sun yi kore shar, tasa ko ciyawa ta ƙi. Wannan damina a gonar wasu ya yi ƙwadago, mutumin da a da ake zuwa neman shawararsa.

Ya je wurin Ɗanladi hankali tashe ya ce, "Don Allah ina zan mayar da ƙasar nan?" Ɗanladi ya ce an rufe ramin, aiki ya ƙare, har an fara aza bulo.

Daga nan ya shiga kankare gonarsa shi kaɗai, yana kaiwa wani kwazazzabo nesa da rijiyoyin mutane. Amma ya riga ya yi huɗa, baƙar ta cakuɗe da ta asali, babu mai iya raba su. Rani shida yana yi. Yunwa ta sa ya rabu da jakuna biyu, tafin hannunsa ya tsattsage ya ƙi warkewa. Mun ba shi baki ya haƙura, ya ce in ya bari me zai bar wa 'ya'yansa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a na bi shi gonar. A hanya muka wuce gidajen nan, an yi musu fenti, har da furanni a ƙofa. Bai ko waiwaya ba. Gonar ta zama kwari, babu baƙi ko ɗigo, sai jar marmara da fartanya ba ta kamawa. Na ce, "Baba Gwadabe, ai ka gama, ta fita."

Ya tsuguna ya damƙa, tsakuwa ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Ta fita. Amma ƙasar da mahaifina ya shekara arba'in yana zuba wa taki, ita ma da hannuna na kwashe ta na zubar."