Batirin da Bai Je Hokkaido Ba

Kan Kiyoharu na san shi tun yana da gashi. Ajinmu ɗaya a firamare, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da shagona, kuma ni nake masa aski tun ranar da na gaji almakashin babana. Saboda haka in na ce mutumin nan garinmu ya riƙe shi ya hana shi motsi, ba labari aka ba ni ba.

Sau ɗaya ya taɓa kuɓucewa. Yana saurayi ya sami aikin tuƙa babbar mota a Kobe, har ya aiko mini da hoto ya jingina da ita yana yaƙe haƙora. Bai cika shekara ba teku ta ci babansa. Shi ne babban ɗa, to wa zai riƙe gida da uwa da wurin tunawa da magabata in ba shi ba? Ya dawo ya kama aiki a gidan ƙanƙarar masunta, ya auri Sumie, ƙannensa kuwa suka watse Osaka, sai gaisuwar sabuwar shekara. A nan ya tsufa, dutse a bayansa, teku a gabansa, hanya ɗaya tal da take bin gaɓa kamar igiyar shanya.

Ranar da ya bar aiki ya je birni ya jawo wani ɗan ɗaki mai taya biyu a bayan motarsa. Gado biyu a ciki, da murhu, da fitila, da ɗan firij. Na leƙa na ce, "Kiyo, kaji za ka fara kiwo? Wannan ai akurki ne."

"Ka yi dariyarka, mai aski. Hokkaido za mu, tsibirin can na arewa, ni da Sumie. An ce akwai hanyar da za ka miƙe kana tafiya ba ka ganin ƙarshenta, ba dutse ba teku."

Sunan akurki ya bi ɗakin har yau. Damina ba ta zagayo ba mahaifiyarsa, Inna Tome, ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Akurki ya tsaya inda aka ajiye shi, hancinsa yana kallon bangon shagona.

Inna Tome tana da ƙafafunta ma ba kanwar lasa ba ce, balle da ta kwanta. Ba mai juya ta sai ɗanta, ba mai ba ta kunun shinkafa sai Sumie, shi ma sai ta ce ya yi ruwa. Daga baya maƙogwaronta ya daina iya fitar da majina, aka kawo wani ɗan inji mai siririyar roba da ake zuƙe mata, dare da rana. Daga nan Kiyoharu ko kamun kifi bai ƙara zuwa ba, iyakarsa inda zai ji ƙararrawar da take kiransa da ita.

Sai ya koma kan batir. Batirin akurki ba irin na mota ba ne, na zama ne, shi yake ba fitila da firij wuta in an yada zango a inda babu lantarki. Tunda akurki ba ya tafiya, ai sai a bar shi ya huta, ko ba haka ba? Ina! Duk ranar Lahadi da hantsi zan hango shi ta taga a durƙushe gaban akwatin batir, ya sa safar hannu da tabarau. Ya kwance baƙar waya tukuna, sannan ja. Ya goge kawunan har su yi ƙyalli, ya shafa musu mai, ya duba ruwa, ya tsokane ramin iska ko zanzaro ya toshe shi, ya sa caji. In zai mayar, ja ce farko, baƙa ta biyo baya. Ya gaya mini wannan har na fi shi iyawa. Batir ya tsufa ya canja wani, shi ma sabon bai taɓa kunna komai ba sai gwaji.

Wata rana na matso da sigari a bakina, ya daka mini tsawar da sai da karen maƙwabta ya amsa.

"Ja da baya! So kake ka tashe mu? In yana caji iska yake fitarwa mai kamawa da wuta!"

"To sannu, likitan batir. Da haka kake lallashin Sumie ai da ba ta yi furfura ba."

Sumie tana shanya, ta ce, "Bar shi, Masaru. Ni fitilar ciki kawai na roƙa ya kunna mu sha shayi da yamma, ko mu ji kamar mun tafi. Cewa ya yi kada allurar ma'aunin caji ta sauka ƙasa da rabi, batir ya lalace."

"Sai mun tafi," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Ranar da muka tashi ina son shi a cike."

Raina yakan ɓaci da maganar nan, don na ga shekaru suna wucewa. Tayoyin akurki sun tsage an canja, motar da ta jawo shi ta mutu an sayi wata, Inna Tome ta doshi ɗari tana nan daram. Ba wanda yake faɗin abin da ake jira, amma duk garin an sani.

Bara ne abin ya matse. Ya zauna a kujerata na ga yana juya kai gaba ɗaya kafin ya ga tabarmar da ke gefensa. Ya ce ganinsa ne yake tsukewa daga gefe, likita ya ce ba ya dawowa, kuma ya ba shi shawara kada ya sabunta lasisin tuƙinsa in ya ƙare da kaka. A garin nan duk tsofaffi mun mayar da namu, ni keke ya rage mini.

"Wato bazarar nan ce ko babu," na ce.

"Ita ce ko babu."

A karo na farko a rayuwarsa ya yi taurin kai. Ya nema wa Inna gado na ɗan lokaci a gidan jinyar tsofaffi da ke birni. Ta yi kuka, ta ce ya jefar da ita, ta kira sunan babansa, ya toshe kunne. Ya kama wuri a jirgin ruwan da zai ƙetare da su Hokkaido. Sumie ta jera umeboshi, 'ya'yan itacen nan masu tsami da ake jiƙawa a gishiri, da buhun shinkafa a akurki, har waƙa na ji tana yi. Ya kai mota birni wurin makanike a duba ta, ya dawo a bas, a kan gobe motar gidan jinya za ta zo ɗaukar Inna ya bi ta ya karɓo tasa.

Guguwar da aka ce za ta bi ta gabas ta juyo kanmu. Da safe wuta ta ɗauke, waya ta mutu, kafin azahar dutse ya zaftaro ya rufe hanya. Injin Inna yana da ɗan batirinsa a ciki, ya yi ta ja har la'asar, sannan ya yi shiru.

Sumie ce ta buga mini ƙofa, jiƙe sharkaf. "Masaru, zo, don Allah." Tun daga ƙofar gida nake jin maƙogwaron tsohuwar kamar tukunyar shinkafa tana ɓararraka. Leɓunanta sun fara duhu. Sumie ta ce, "Maigida, batirin akurki!" Ya ɗauki sifana ya fita, na bi shi da tocila.

Ya durƙusa a cikin ruwan, ya buɗe akwati, ya ɗora sifana a kan baƙar waya. Sai ya tsaya. Mutumin da zai kwance batirin nan ido rufe, hannunsa yana kai amma ba ya juyawa. Iska tana kaɗa akurki, ta tagar ina hango jakunkunan da Sumie ta ɗaure.

"Kiyo," na ce.

"Masaru, na gaji." Bai dube ni ba. "Tun ina saurayi nake jira. Na gaji ƙwarai."

Na gane abin da yake nufi sarai. Ba wanda zai zarge shi. Wuta ta ɗauke, hanya ta rufe, tsohuwa mai kusan shekara ɗari, wa zai yi tambaya? Tocilar kawai na riƙe masa.

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya juya sifana. Baƙa tukuna, ya naɗe bakinta da tsumma, sannan ja. Muka kinkimo shi mu biyu, tsofaffi biyu muna tangaɗi a taɓo. Ya ce kada a ɗora a tabarma, Sumie ta kawo robar wanki aka sa shi a ciki. A ɗakin Inna ne wurin magabata yake, kyandir yana ci gaban hoton babansa, ga turaren tsinke.

"A kashe wutar nan, ba na haɗa waya kusa da ita."

"Inna ba ta yarda a kashe wa Baba..." Sumie ba ta ƙarasa ba ya sunkuya ya hure kyandirin da baki. Yaro ƙarami ma ya san da hannu ake fifita shi har ya mutu, ba a hura wa magabata numfashi. Ya jona inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, ja sannan baƙa, ya duba fiyus, ya kunna. Injin ya yi gurnani. Sumie ta zura robar, muka ji abin yana fita, ƙirjin tsohuwar ya ɗaga ya sauka.

Da ta dawo hayyacinta ta juya ido ta nemi ɗanta. Na ɗauka godiya za ta yi. Da karkataccen bakinta ta ce, "Da baki ka kashe wa ubanka kyandir. Ina kallonka."

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji shi.

Kai, ranar ji na yi kamar in fasa wani abu.

An kwana biyu kafin a buɗe hanya. Batirin ne ya riƙe injin da katifar iskar da ke hana ta gyambo. Kiyoharu yana zaune yana kallon allura ta sauka rabi, inda bai taɓa bari ta wuce ba, ta wuce, ta ci gaba da sauka har ta kusa kwantawa. Ranar da wuta ta dawo ya sa shi caji, amma ya riga ya tafi, in an cika da safe kafin yamma ya zube.

Inna ta yi zazzaɓin huhu bayan nan, gidan jinya suka ce sai ta warware. Jirgi ya tafi. Ta warware da kaka, daidai lokacin da ganyen bishiyoyin kan dutse ya fara ja. Ni na raka shi ofishin 'yan sanda a bas ya miƙa lasisi. Wata yarinya mai kaki ta rusuna ta ce sannu da ƙoƙarin shekaru, ta ba shi katin rangwamen tasi. Ya sayar da mota, Sumie ta kwashe shinkafar ta mayar kicin.

Makon jiya motar kai saƙo ta tsaya a ƙofarsu, aka sauke kwali mai nauyi. Na bar mutum da kumfa a fuska na fito. Batir ne sabo fil, ya fi tsohon girma. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ko ba a je Hokkaido ba, yau dai Sumie za ta sha shayinta a ƙarƙashin fitilar akurki.

"Likitan batir, an yi sabuwar amarya ke nan? Kawo in kama maka mu kai ta ɗakinta."

Na kama gefe ɗaya na nufi akurki, na ji ya ja ni wajen ƙofar gida.

"Ba can ba," ya ce. "Ɗakin Inna. Wancan ba ya riƙe wuta, kuma an ce guguwar bana za ta fi ta bara."

Muka wuce akurki, muka cire takalma, muka shiga da shi. Robar wankin tana nan a gefen gadon, ya riga ya wanke ta ya goge.